Ɗalibin Da Ya Bar Aji: Tarihin Mayar Da Kuɗin Karatu A Amurka

Gabatarwa

A kowace shekara ɗimbin ɗalibai a ƙasar Amurka sukan shiga jami'a da ɗoki a farkon zango, su bar ta kafin zangon ya ƙare. Wani ciwo ne ya kwantar da shi, wata mahaifiyarta ce ta rasu ta bar mata ƙanne, wani kuwa a wurin aikinsa aka sauya masa lokaci, ya zama dole ya zaɓi ɗaya tsakanin aji da abin sawa a bakin salati. Makonni kaɗan bayan ya kwashe littattafansa sai takarda ta iske shi daga ofishin kuɗi na makarantar, tana sanar da shi cewa ana bin sa bashi. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne, ranar da ya yi rajista an tabbatar masa cewa tallafin gwamnati ya biya komai.

Wannan takarda tana da tarihi, kuma tarihin nata ya kai shekara 80. Na zaɓi in bi diddiginsa ne saboda abin da na lura da shi a cikin dokokin da suka haife ta. Tambayar da Majalisar Dokokin Amurka ta fara da ita ita ce: idan ɗalibi ya bar karatu, nawa ne ya wajaba makaranta ta mayar daga kuɗin da ta karɓa? Da tafiya ta yi nisa sai aka sauya ta da wata: nawa ne ya wajaba ya koma baitulmalin gwamnati? Tambayoyin sun yi kama a kunne, amma a tsakaninsu ne aka bar ɗalibi talaka shi kaɗai da bashi. Dokar da aka ƙera domin kama makarantun cuta ta wayi gari ta fi cizon wanda aka ƙirƙiro tallafin dominsa.

Sojojin da suka dawo da makarantun da suka tsiro

Ranar 22 ga Yunin 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba tukuna, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da Amurkawa ke kira GI Bill. Dokar ta yi wa duk sojan da ya dawo alkawarin karatu: gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta kuma riƙa ba shi kuɗin guzuri duk wata. Kimanin tsofaffin sojoji miliyan 7.8 ne suka ci moriyar ɓangaren ilimi da koyon sana'a na dokar, wajen miliyan 2.2 daga cikinsu a kwalejoji da jami'o'i. Ba a taɓa ganin gwamnatin tarayyar ƙasar ta zuba kuɗi irin wannan a karatun ɗaiɗaikun mutane ba.

Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin makarantar kai tsaye ake biyan sa ga makaranta, kuma sa ido ya yi ƙaranci. Cikin 'yan shekaru makarantun koyon sana'a na 'yan kasuwa suka ninka har wajen sau uku. Wasu na kirki ne, wasu kuwa allo ne kawai a bakin ƙofa da rajistar sunaye. Suna ƙara farashi har ya kai iyakar abin da gwamnati ke biya, suna ci gaba da rubuta sunan ɗalibin da ya daɗe da daina zuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin akwai tsofaffin sojojin da kuɗin guzurin kawai suke so, suka haɗa baki da masu makarantun.

A shekarar 1950 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Olin Teague, ɗan majalisa daga jihar Texas wanda shi ma tsohon soja ne da ya ji raunuka a yaƙin. Abin da kwamitin ya bankaɗo shi ya tsara dokar da aka yi wa sojojin Yaƙin Koriya a 1952. Aka daina biyan makaranta kai tsaye, aka koma ba sojan kuɗinsa a hannu duk wata, dala 110 ga wanda ba shi da iyali, shi ya san yadda zai biya makarantarsa. Aka kuma gindaya wa kwasa-kwasan da ba su da shaidar hukumomin tantance makarantu sharaɗin cewa dole su mayar wa sojan da ya bar karatu ragowar kuɗinsa gwargwadon abin da ya rage na kwas ɗin. A nan nake ganin tushen maganar duka. Ƙa'idar gwargwado ta shigo ne a matsayin takunkumi a bakin makaranta: kada ta ci kuɗin darasin da ba ta koyar ba.

Daga San Marcos zuwa kotun New York

Ranar 8 ga Nuwamban 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya je garin San Marcos a jihar Texas, kwalejin da ya yi karatu a cikinta, ya sa hannu a kan Dokar Ilimi Mai Zurfi. Babi na Huɗu na wannan doka shi ne har yau gidan tallafin ɗalibai na tarayya: kyautar kuɗi ga masu ƙaramin ƙarfi, rancen karatu, da aikin wucin gadi a harabar makaranta. Akwai abin lura game da mai sa hannun. Johnson da kansa ya taɓa dakatar da karatunsa a wannan kwaleji a 1928 saboda rashin kuɗi, ya tafi garin Cotulla ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko, ya tara abin da ya tara sannan ya dawo ya kammala a 1930. Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa ya san cewa barin aji ba kullum lalaci ke kawo shi ba.

A 1972, zamanin Shugaba Richard Nixon, aka yi wa dokar gyaran da ya sauya komai. Aka ƙirƙiro tallafin da ke bin ɗalibi duk makarantar da ya zaɓa, wanda a 1980 aka raɗa wa sunan Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island. Aka kuma buɗe wa makarantun 'yan kasuwa ƙofar cin moriyar tallafin Babi na Huɗu. Darasin 1952 ya fara shuɗewa daga zukata, kuɗi ya koma bi ta hannun makarantu.

A wancan zamani kowace makaranta ita ke tsara ƙa'idarta ta mayar da kuɗi. Jami'o'i sun saba da matakala: wanda ya fita a makon farko a mayar masa da kusan duka, na mako na biyu ƙasa da haka, har a zo mako na huɗu ko na biyar a rufe ƙofa. Makarantun koyon sana'a ta wasiƙa kuwa da yawansu sukan riƙe kaso mafi tsoka ko da ɗalibin darasi biyu ko uku kawai ya yi. Wannan ya sa ribarsu ta rataya a kan yawan waɗanda suka sa hannu a takardar shiga, ko sun gama ko ba su gama ba. A 1978 Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idar da za ta tilasta wa irin waɗannan makarantu mayar da kuɗi gwargwadon darussan da suka rage, ta kuma ba ɗalibi kwana 14 ya sake tunani bayan ya sa hannu. Makarantun suka garzaya kotu, makarantar koyon aikin sakatariya ta Katharine Gibbs na kan gaba. A ƙarshen 1979 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta yi fatali da ƙa'idar. Aka shiga shekarun 1980 babu wani takunkumi mai ƙarfi.

Binciken Sanata Nunn da dokar 1992

Abin da ya biyo baya ya yi kama da abin da Teague ya gani shekara 40 kafin nan, sai dai wannan karon da rance aka yi shi, rance kuwa sunan ɗalibi yake ɗauke da shi. Dillalan makarantu, waɗanda ake biya gwargwadon kawunan da suka kawo, suka riƙa farautar mutane a layukan karɓar agajin gwamnati da na masu neman aiki. Mutum ya sa hannu, banki ya aika wa makaranta kuɗi, shi kuma ya je aji mako biyu ya ga babu abin kirki ya daina zuwa. Makaranta ta riƙe kuɗin, bashin ya zauna a wuyansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A cikin ɗaliban da lokacin fara biyansu ya zo a 1990, kashi 22.4 cikin 100 sun gaza biya cikin ɗan lokaci, adadin da ya fi na kowace shekara tun da aka fara wannan ƙididdiga.

A shekarar 1990 ɗin ne kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Sam Nunn na jihar Georgia ya zauna sauraron shaidu, ya fitar da rahotonsa a 1991. Cikin laifuffukan da aka yi ta ambata har da ƙin mayar da kuɗin ɗaliban da suka fita, ko jinkirta shi da gangan. Gyaran dokar da Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu a Yulin 1992 ya zo da martani mai zafi. An haramta biyan dillalai la'ada a kan yawan ɗaliban da suka kawo. An ba da damar yafe rancen wanda makarantarsa ta rufe yana tsakiyar karatu. An kuma wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin Babi na Huɗu ta kasance tana da ƙa'idar mayar da kuɗi mai adalci.

Dokar ba ta bar kalmar adalci a sake ba, ta fassara ta. Makaranta za ta duba abin da dokar jiharta ta tanada, da abin da hukumar da ta tantance ta ta tanada, da lissafin gwargwado na tarayya, ta mayar da wanda ya fi yawa a cikinsu. Lissafin gwargwadon ya shafi ɗalibin da ya shigo makarantar karo na farko ya kuma fita kafin zango ya kai kashi 60 cikin 100. Idan ya fita da saura rabin zango, kimanin rabin kuɗin makarantar ya faɗi daga kansa, in ban da ɗan ladan hidima da bai wuce kashi 5 cikin 100 ko dala 100 ba. A iya karatuna, wannan shi ne lokacin da dokar tarayya ta fi kusa da tsayawa a gefen ɗalibin da ya fita, domin abin da ta rage shi ne kuɗin da makaranta ke bin sa.

Tsarin bai yi tsawon rai ba. Jami'o'i, manyansu da ƙananansu, suka yi ta kukan cewa lissafin ya yi sarƙaƙiya, kuma an hukunta su da laifin wasu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tsara musu farashi. Kukan nasu ba banza ba ne gaba ɗaya. Jami'ar da ta ɗauki malami na zango guda ba za ta rage masa albashi don ɗalibi ya fita a mako na shida ba, kuma kujerar da ya bari ba mai sayenta a tsakiyar zango.

Dokar 1998 da lissafin kwanaki

Ranar 7 ga Oktoban 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan sabon gyara, wanda ya zama wajibi a kan dukkan makarantu daga Oktoban 2000. Gwamnati ta janye hannunta daga maganar nawa makaranta za ta caji ɗalibin da ya fita. Ta ce wannan tsakaninsa ne da makarantarsa da dokar jiharsu. Abin da ya dame ta kawai shi ne kuɗinta. Sabon tsarin ya ɗauki tallafi tamkar ladan aiki da ake cancanta rana bayan rana. Za a ƙirga kwanakin zango, a cire duk hutun da ya kai kwana 5 a jere, a duba ranar da ɗalibi ya fita. Kason kwanakin da ya yi shi ne kason tallafin da ya cancanta. Idan ya haye kashi 60 cikin 100 na zangon, an ɗauka ya cancanci duka. Idan bai kai ba, ragowar ta koma inda ta fito.

Zan kawo misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce zango kwana 110 ne, kuɗin makaranta dala 4,000. Ɗaliba ta samu tallafin Pell na dala 3,000 da rancen gwamnati na dala 2,000, jimla 5,000. Makaranta ta cire nata 4,000, ta miƙa mata 1,000 na haya da littattafai. A rana ta 33 ɗanta ya kwanta asibiti, ta janye daga karatu. Ta yi kashi 30 cikin 100 na zangon, saboda haka dala 1,500 kawai ta cancanta, 3,500 ba ta cancanta ba. Doka ta ce makaranta ta mayar da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ta caja, wato dala 2,800, ta fara da rance sannan kyauta: 2,000 ta goge rancen, 800 ta koma asusun Pell. Saura 700 a wuyan ɗalibar, amma da yake a yau doka tana kare rabin kyautar da ɗalibi ya samu, gwamnati ba za ta nemi wannan a hannunta ba.

Har nan lissafin ya yi kyau, kamar ma an yi mata gata, tunda rancenta ya goge. Sai dai matakalar makarantar ta rufe tun mako na huɗu, ita kuwa a mako na biyar ta fita. A littafin makaranta kuɗin zango yana nan cif, dala 4,000, kuma an zare 2,800 daga abin da aka biya. Wannan gibi shi ne takardar da za ta iske ta a gida. Ta rabu da bashin gwamnati na dala 2,000, wanda ke da rangwamen wata 6 kafin a fara biya, wanda kuma ake iya biya kaɗan-kaɗan gwargwadon albashi na shekaru. Ta ɗauki bashin makaranta na dala 2,800 da ake so yanzu, wanda idan ya daɗe za a miƙa wa kamfanin karɓar bashi ya ɗora nasa ladan a kai. An gudu ba a tsira ba.

Akwai wasu ƙusoshi a cikin tsarin da suke ƙara nauyin. Ɗalibin da ya daina zuwa ba tare da ya sanar ba, a makarantar da ba a wajabta mata kiran suna ba, ana iya ɗaukar tsakiyar zango a matsayin ranar fitarsa, ko ranar ƙarshe da aka ga alamar aikinsa. Wanda kuma ya rage da bashin kyauta a wuyansa yana da kwana 45 ya biya ko ya yi yarjejeniyar biya, in ba haka ba a rufe masa ƙofar tallafin tarayya a kowace makaranta a ƙasar. Gyaran da ya fara aiki a Yulin 2006 ya sassauta wasu daga ciki. Shi ya faɗaɗa kariyar rabin kyauta, ya yafe abin da bai wuce dala 50 ba, ya kuma ƙara wa makarantu wa'adin mayar da kuɗi daga kwana 30 zuwa 45. Amma bai taɓa ainihin gibin ba.

Adalci ya sa in faɗi hujjar gwamnati. Kuɗin na masu biyan haraji ne, an bayar da shi don zango cikakke. Kuma mayaudara ba su ƙare ba. A 2011 babban mai binciken Ma'aikatar Ilimi ya yi gargaɗi a kan gungun mutanen da ke yin rajistar karatu ta intanet da sunayen wasu, su karɓi kuɗin guzuri su ɓace. Ba mai hankalin da zai ce a bar baitulmali a buɗe. Abin da nake tuhuma shi ne ma'aunin. Kalanda ba ta san dalili ba. Wanda ya shigo don ya sace da wadda ta fita don jinyar ɗanta, idan rana ɗaya suka bar aji, lissafinsu ɗaya ne.

Lokutan da gwamnati ta ɗage ƙafa

Hujja mafi ƙarfi a kan tsaurin wannan doka gwamnatin ce da kanta ta bayar da ita, har sau uku. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, da aka fara kiran ɗaliban da ke cikin rundunar ko-ta-kwana zuwa Afganistan, majalisa ta yi dokar da ta ba Sakataren Ilimi ikon yafe musu mayar da kyautar da suka karɓa, ta kuma yi kira ga makarantu su mayar musu da kuɗinsu cikakke. An sabunta wannan iko aka faɗaɗa shi a 2003. Da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans da gaɓar tekun da ke kewaye da shi a Agustan 2005, ba a yi wata guda ba aka yi dokar yafe mayar da tallafin Pell ga ɗaliban da babban bala'i ya raba da karatu. Na uku kuma shi ne annobar korona. Dokar agajin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris ɗin 2020 ta ɗauke wa makarantu wajibcin mayar da kuɗin waɗanda suka janye saboda annobar, ta ɗauke wa ɗaliban mayar da kyauta, ta kuma goge musu rancen wannan zango.

A duk lokutan uku hujjar ɗaya ce: waɗannan mutane ba da son ransu suka bar aji ba, bai kamata a ci su tara ba. Na yarda da hujjar ɗari bisa ɗari, shi ya sa nake mamakin inda aka tsayar da ita. Gobarar da ta cinye gida ɗaya da ambaliyar da ta cinye gari, ga mai gidan asararsu ɗaya. Doka tana ganin musiba idan ta zo wa dubban mutane a rana guda har ta shiga labarai. Idan ta zo wa mutum ɗaya cikin dare, a ɗakin asibiti ko a takardar sallama daga aiki, sai a bar shi da roƙon kwamitin makarantarsa, wanda ke iya tausayawa ko ya ƙi.

Takardar sakamako a matsayin jingina

Makarantu sun daɗe da samun makamin karɓar irin wannan bashi: riƙe takardar sakamako. Ɗalibin da ya ci darussan shekara biyu, ya fita a zango na biyar da gibi a kansa, ba za a bar shi ya sake rajista ba, ba kuma za a ba shi shaidar abin da ya riga ya ci ba balle ya kai wata makaranta ko wurin neman aiki. Ba zai samu aikin da zai biya bashin ba sai da takardar, ba zai samu takardar ba sai ya biya bashin. Cibiyar bincike ta Ithaka S+R ta ƙiyasta a 2020 cewa kimanin mutum miliyan 6.6 ne karatunsu ya maƙale ta wannan hanya, kuma bashin da makarantu ke bin su na iya kaiwa dala biliyan 15. Ba duka ne suka samo asali daga lissafin kwanaki ba, amma yana cikin manyan hanyoyin da ke haifar da su.

Sannu a hankali aka fara warware wannan ƙulli. Jihar Kalifoniya ta haramta riƙe takardar sakamako saboda bashi daga farkon 2020, wasu jihohi suka bi sahu. Ƙa'idar Ma'aikatar Ilimi da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024 ta hana makaranta riƙe sakamakon duk zangon da aka biya da kuɗin tarayya kuma aka gama biyan kuɗinsa. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai reshe aka sare. Bashin yana nan, lissafin da ke haifar da shi ma yana nan yadda aka tsara shi a 1998.

Kammalawa

Idan na jera shekarun nan, 1952 da 1978 da 1992 da 1998, abin da nake gani shi ne ƙa'ida ɗaya da aka juya wa fuska. Gwargwado ya fara ne a matsayin iyaka ga abin da makaranta za ta riƙe, ya ƙare a matsayin iyaka ga abin da ɗalibi ya cancanta. Gwamnati tana karɓar kuɗinta bisa ƙirgar kwanaki har zuwa kashi 60 cikin 100 na zango, makaranta kuwa tana riƙe nata bisa matakalar da ke rufewa a makonnin farko. Ma'auni biyu ne ake awon zango ɗaya da su, kuma bambancin da ke tsakaninsu mafi rauni a cikin ukun ne ke biyan sa. Da ma'aunin ɗaya ne, da yawancin waɗannan takardun bashi ba a rubuta su ba.

Wannan tarihi ya shafe mu fiye da yadda ya shafe mu shekaru kaɗan da suka wuce. Nijeriya ta taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972 zamanin Janar Yakubu Gowon, ta durƙushe, rashin biyan bashi na cikin dalilan. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, aka sake fasalinta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 duk wata na guzuri, babu kuɗin ruwa, biya kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Tsarin biyan makaranta kai tsaye shi ne wanda Amurka ta fara da shi a 1944. Tuni a 2025 aka yi ta jin koken ɗaliban da suka riga suka biya da kuɗin aljihunsu kafin na asusun ya iso, suna jiran makarantunsu su mayar musu.

Ɗalibanmu ma za su bar aji a tsakiyar zango, saboda ciwo, ko rasuwar mai ɗaukar nauyi, ko rashin tsaron da ya tashi ƙauyensu. Ya kamata tun yanzu a rubuta a fili, cikin harshen da ɗalibi zai gane kafin ya sa hannu, nawa makaranta za ta riƙe, nawa zai koma asusu, nawa zai zauna a wuyansa, a kuma auna ukun da mudu ɗaya. Ya kamata a bar ƙofar uzuri ga wanda musiba ta fitar, ko da shi kaɗai ta samu. Amurka ta kwashe shekara 80 tana gyara tana ɓatawa kafin ta iso inda take, kuma ba ta gama ba. Mu da muka zo daga baya muna da gatan da ba ta samu ba, na ganin ramin tun kafin mu kai bakinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.